Da Filib Ya Ƙara Shekara Huɗu

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san yaron nan mai raɓe a gefe, wanda ubansa ya riga kakansa rasuwa. Gonar da uban ya sha nomewa, yana ji yana gani za ta faɗa hannun wani. Abin da ya faru ke nan a Artois, arewacin Faransa, sai dai gonar a nan ƙasa ce sukutum.

Robert na Biyu, mai mulkin Artois, ya mutu a yaƙin Courtrai a 1302. Ɗansa Filib ya riga shi tun 1298. Al'adar yankin ba ta yarda jika ya tsaya a gurbin ubansa ba, sai 'yar mamacin, Mahaut, ta gaje ƙasar, ɗan Filib, shi ma Robert, bai samu komai daga cikinta ba. Ya kai ƙara, aka ba goggonsa gaskiya a 1309. Ya sake kaiwa a 1318, lokacin kuwa sarkin Faransa surukin goggon ne, to ina za a je? Daga baya ya fito da takardun jabu. Asiri ya tonu, aka ƙone Jeanne de Divion da ta haɗa su a 1331, shi kuma aka kore shi. Sai ya yi abin da mai jin an cuce shi a gado kan yi: ya tafi gun maƙwabcin da dama ke haɗiyar yawu a kan gonar, Edward na Uku na Ingila, yana zuga shi ya nemi sarautar Faransa. Mafakar da Edward ya ba Robert na cikin hujjojin da Faransa ta kafa a 1337 ta ƙwace yankin Aquitaine daga hannun Edward, Yaƙin Shekara Ɗari ya barke.

To da Filib ya ƙara shekara huɗu a duniya fa? Wasu za su ce da ba a yi yaƙin ba. Ban yarda ba. Rigimar Aquitaine ta girmi Robert, kuma uwar Edward 'yar sarkin Faransa ce, ba ya buƙatar mai tuna masa. Abin da zai sauya shi ne Artois kanta: da ba ta bi zuriyar Mahaut ta shiga gidan Burgundy ba, daga nan gidan Habsburg, har Faransa ta jira 1659 kafin yawancinta ya dawo hannunta.