Fam Miliyan 100 a Wayar Ɗan Kazaure

Yau a ƙofar gidan kallon ƙwallo muka shimfiɗa tabarma, inda samarin Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa suke saye da sayar da 'yan wasan Ingila a waya, a wasan nan da suke kira Fantasy. Ku matso, akwai labari.

Duk wanda ya yi rajista, nan take ake danƙa masa fam miliyan 100 na cikin waya, ya haɗa tawagar 'yan wasa 15 daga gasar Firimiya. In ka ɗauki fam a kan naira 2,000, yaron da ke tsaye yana jiran canjinsa a teburin mai shayi naira biliyan 200 yake juyawa. A ba Alhaji kujera!

Jarin kowa ɗaya ne, da ɗan sarauta a Kazaure da mai faci a Gwiwa. Babu gado, babu rance, babu ubangidan da zai ƙara maka ko kwabo. Sai dai wani ya fi wani kai.

Dole ka sayi gola 2, 'yan baya 5, 'yan tsakiya 5 da 'yan gaba 3, ba daɗi ba ragi. In ka raba kuɗin daidai, kowa bai kai fam miliyan 7 ba, alhali gwanayen zura ƙwallo sukan kai miliyan 13 ko 14. Ka kwashi manya uku, sauran su sha benci da haƙuri.

Shi ya sa ake rububin wani bawan Allah mai fam miliyan 4, golan da yake iya zama a benci tun daga Agusta har Mayu bai taɓa ƙwallo ba. Mutane da yawa na sayensa don kawai a samu rarar da za a ƙara wa 'yan gaba. Arha ce ta yi masa farin jini.

Ba a yarda ka ɗauki fiye da mutum 3 daga kulob ɗaya ba, komai son da kake yi masa. Tilas mai kishin kulob ya je gidan abokan gaba ya yi cefane. Ciniki bai san gaba ba.

Ga abin da wannan doka take haifarwa a gidan kallo: saurayi sanye da rigar kulob ɗinsa, aka zura musu ƙwallo, ya ja tsaki ya bugi benci tare da kowa. Can sai ka ga ya sunkuya, ya zaro waya a ƙarƙashin riga, haske ya bugi haɓarsa yana murmushi, ashe wanda ya ci su shi ne kyaftin ɗinsa. Fuska na makoki, aljihu na biki!

Kyaftin dai duk makin da ya samu ninka shi ake yi, in kuma bai buga ba mataimakinsa ya gaji rawanin. Amma ninkin bai san alheri kaɗai ba: jan kati maki 3 yake cirewa, a kan kyaftin ya zama 6. Rawani da nauyi yake zuwa.

Akwai kuma damar ninka kyaftin sau 3, wadda ake ɓoyewa ana jiran makon da kulob zai buga wasa biyu. Wani ya riƙe ta wata da watanni, ranar da ya sake ta mutumin nasa ya dafe cinya a minti na 10 ya fita. Sannu, mutumina, Allah Ya mayar da alheri.

Sauyin ɗan wasa ɗaya ake ba ka kyauta kowane mako, duk wanda ka ƙara a kai a yanke maka maki 4. Tun kakar 2024/25 ana iya tara na kyautar har 5, in mutum ya iya kame hannunsa. Mai haƙuri yakan dafa dutse, duwatsu kuwa ba a rasa su a Kazaure.

Farashin 'yan wasa cikin dare yake motsi, yana hawa ko sauka da 0.1 gwargwadon yadda jama'a suke saye da sayarwa. Ka kwanta da jarinka cif, ka tashi sallar Asuba ka tarar an gutsure shi. Kasuwar da ba ta da ranar ci, kullum tana ci.

Nan ne ma abin mamakin yake. Ka sayi ɗan wasa a 7.0 ya hau 7.4, in za ka sayar 7.2 za a ba ka, in kuma a 7.3 ya tsaya sai ka karɓi 7.1, amma in ya faɗi asarar duk taka ce. Ko dillalin kara bai taɓa yankar la'ada irin wannan ba!

Ana rufe ƙofar sauye-sauye minti 90 kafin wasan farko na mako, kuma ba a jin roƙo. Wanda ya danna bayan lokaci da daƙiƙa ɗaya, sai wani makon. Babu "don Allah", babu "don Annabi".

Agogon ma da nasa wasan. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacinmu ɗaya da Ingila, amma da sun mayar da agogonsu baya sai mu riga su da awa ɗaya, ƙofar da ake rufewa ƙarfe 11 na safiyar Asabar ta koma 12 na rana. Masu dogon barci sun samu gata, sai dai su kula da Maris.

Saura minti 5 a rufe, je ka rumfar mai caji ka ga ikon Allah: waya na maƙale a soket cikin 'yan uwanta, mai ita ya durƙusa don igiyar gajeriya ce, yatsa na rawa, janareto na tari. "Oga, kar ka kashe, minti biyu kawai!" Mai caji ya san darajarsa ranar Asabar.

A Babura, bakin iyakar Nijar, an saba da lissafin naira da sefa tun ana yara. Yanzu ga fam ya shigo na uku, har da ɗigonsa. Kan da ya iya canji ba ya jin tsoron 0.1.

Kakar wasa makonni 38 ce, tana farawa a Agusta ana tsakiyar damina, ta ratsa kaka da hunturu, ta ƙare a Mayu rana na dukan ƙeya. Manomin Roni yakan zaɓi kyaftin a gindin bishiya a bakin gona, fartanya a jingine. Gero na fitar da kai, maki na fitowa.

Da hunturu, wasan ƙarfe 3 na Ingila ƙarfe 4 yake kamawa a nan, daidai La'asar, na 5:30 kuma hutun rabin lokacinsa yakan faɗo kusa da Lisha. Ladan na kira sai ka ga benci ya yi sauƙi, takalma sun nufi masallaci. Maki ba ya gudu, yana nan yana jira.

Ƙwallo ɗaya, farashi huɗu: ɗan gaba ya ci a ba shi maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, gola kuwa 10. Wanda ya miƙa ƙwallon aka ci yana da 3. Gola, in ka ga hanya ka taho!

Minti na 60 shi ne kan iyaka. Ɗan bayan da aka cire a minti na 59 maki 1 zai tashi da shi, wanda aka cire a na 61 ba a ci su ba yana da 6, ko da an yi musu ruwan ƙwallaye bayan ya zauna. Fita a kan lokaci ma baiwa ce.

In ɗan wasanka bai buga ba sam, na benci yake maye gurbinsa da duk makinsa. Amma koci ya sako shi a minti na 89, ya yi gudu biyu ya samu maki 1, shi ke nan ya toshe wa na bencin da ya tara 12. Ihun da za ka ji daga bayan gidan kallo ke nan, alhali ba a ci kowa ba.

Gasar cin kofin Afirka takan faɗo ana tsakiyar kakar wasa, kamar ta Kamaru a farkon 2022 da ta Kwaddibuwa a farkon 2024, ta kwashe 'yan wasanmu makonni. Sai ka ga mutum yana sayar da ɗan ƙasarsa da safe, da daddare yana yi masa addu'ar cin kofi. Kishin ƙasa daban, kasafi daban.

To, ina aka samo wannan sana'a? A Amurka ne, kuma a kan besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki: a 1980 wasu abokai a birnin New York suka tsara dokokinsa a gidan abincin da suke haɗuwa, har gasar ta ci sunan gidan. Majalisa ba ta raina kanta!

Ƙa'idar da ta shahara a wurinsu ita ce dala 260 a sayi 'yan wasa 23, kuma gwanjo ake yi, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Babu intanet a lokacin, da fensir ake tara lissafi daga shafin jarida. Magatakarda ya sha aiki.

Kafin su ma, tun 1951 da 1961 ana sayar da wasannin besbol na kan tebur a Amurka. Kowane ɗan wasa da katinsa mai ɗauke da alƙaluman ƙwazonsa, a jefa ɗan lido a duba kati a ga abin da ya faru. Filin wasa a cikin kwali.

Jikokin waɗannan katuna su ne gasannin besbol na intanet, inda ba a jiran wasan gaske ko kaɗan. Kowane mai kulob yana tsara wanda zai buga, ya ƙulla kwantiragi, ya yanka kuɗin tikiti, ya aika wa shugaban gasa, shi kuma ya sa kwamfuta ta buga wasannin. Alƙalin wasa ba ya shan jifa a nan.

'Yan wasan wasu gasannin ma kwamfuta ce ta ƙirƙire su: a ɗauko su suna matasa, su yi tashe, su ji rauni, su tsufa, su yi ritaya. Kakar besbol ta manya wasa 162 ce ga kowane kulob, amma a nan cikin 'yan makonni ake gama ta, har kalandar gasa ta wuce tamu da shekaru gommai. Suna can gaba, sai mun iso.

Wahalar can ta fi tamu, don kuskure ba ya wankuwa da ƙarewar kaka. Ka ba tsohon ɗan wasa kwantiragin shekara 5 mai tsada, ƙafarsa ta mutu a ta biyu, haka za ka yi ta biyansa kana kallon matasa suna wuce ka. Sa hannu da sauƙi, zare shi ne aiki.

Mutanen Italiya gwanjon suka riƙe a ƙwallon ƙafa, ɗan wasa in ya shiga hannun wani ya haramta ga saura. Makin ma daga hukuncin 'yan jaridar da suka kalli wasan ake ɗauko shi. A can alƙalami ma yana cin ƙwallo.

A Ingila, jaridu ne suka yayata abin a shekarun 1990, ana aika sunayen 'yan wasa ta gidan waya. Wanda samarinmu ke bugawa ya fara a kakar 2002/03, masu buga shi kuma sun haura miliyan 10. Ɗan Gwiwa na cikin lissafi.

A Disamban 2019, zakaran duniya na wasan ces, darar Turawa, wani ɗan ƙasar Norwe, ya hau matsayi na ɗaya a kan mutum sama da miliyan 7. Dattawan da ke dara a gindin darbejiya, ga fili an buɗe muku. Mai iya kashe uku ba zai rasa kyaftin ba.

Mu ma ba yau muka fara riƙe kulob ba. Yaran da suka jera marafen kwalbar lemo a ƙasa, kowane murfi da sunansa da lambarsa, ana musayar biyu a karɓi ɗaya mai kyau, su ne kocin waya na yau. Hannu ya daɗe da sabawa.

Uba ya leƙa kafaɗar ɗansa ya ga lambobi jere: "Kai, wannan lissafin na mene ne?" "Baba, so nake in sayar da ɗan tsakiya in cike kuɗin ɗan gaba, saura 0.2." Tsoho ya gyaɗa kai, ya ce gobe shi zai riƙe littafin shago.

Ni kam ina ganin malaman lissafi sun samu abokin aiki. Yaron da ke gudun darasin ɗigo da kaso cikin ɗari, ga shi yana yin su da kansa har da gardama, yana koyon cewa abin da ka kashe a nan ka rasa shi a can. A shigo da shi aji, a ga yadda hannuwa za su tashi.

Sai dai a tsaya inda aka tsaya. Wasan kyauta ne, data kawai yake ci, amma da an ce kowa ya zuba kuɗi na ɗaya ya kwashe, an bar nishaɗi an shiga caca, kuma mun ga yadda take raba abokai da wayoyinsu. A ci maki, a bar aljihu lafiya.

A 2021 an gano raunin wani tauraro a Ingila tun kulob ɗinsa bai sanar ba. Masu sa ido ne suka lura abokan wasansa sun yi ta cire shi daga tawagoginsu na waya kafin ranar wasa. Sirrin ɗakin sa kaya ya fita ta yatsa!

Akwai kuma tawagogin da masu su suka manta lambar sirri tun Satumba, ko waya ta faɗa ruwa aka haƙura. Suna nan suna tara maki su kaɗai, wani makon har su doke wanda ya kwana yana lissafi, a wayi gari ana tsokanarsa a majalisa. A zuba masa shayi mai kauri, ya huce.