In Rashi Ya Bi Rashi: Labarin 'Yan Karta na Amurka

 A wani taron ƙungiyar gama kai da muka halarta bayan kaka, wani saurayi ya tashi ya ce shi kam ya gaji da noma, gama shekara biyu ke nan a jere bai mai da kuɗin takinsa ba. Ya ce ya gani a wayarsa akwai mutane a Amurka waɗanda ba su da wata sana'a sai karta, suna kuwa cin miliyoyi. Dattawa suka yi masa ca, amma ba wanda ya ba shi amsa. Mun ga ya kamata mu amsa masa a nan, domin akwai gaskiya cikin maganarsa. Lalle irin waɗannan mutane suna nan. Abin da wayar ba ta nuna masa ba shi ne, su ma suna da nasu fari, wani lokaci har ya fi namu tsawo.

Ekklesiya ba ta yarda da caca ba, mu ma haka. Duk da haka yana da kyau mu san yadda waɗannan mutane suke yi in rashi ya bi rashi, da abin da yakan sami waɗanda suka kasa jurewa.

Yadda rashin yake zuwa

Sunan wasan foka, ana yin sa da kati 52. A irin wanda ya fi yaɗuwa, akan ba kowa kati biyu a ɓoye, sa'an nan a jera biyar a tsakiyar tebur bi da bi. Kowa yana zuba kuɗi gwargwadon ƙarfin da yake zaton hannunsa yana da shi, in kuwa ya tsorata sai ya janye. Birnin Las Vegas, cikin hamadar jihar Nevada, shi ne cibiyar wasan. A can aka soma gasar duniya a 1970, kuma tun 1972 kuɗin shiga babban zagayenta dala 10,000 ne.

Wasan yana bukatar gwaninta, amma gwaninta ba ta hana faɗuwa. Ga misali. Hannun da ya fi kowane ƙarfi, watau manyan kati biyu waɗanda babu na sama da su, yakan zo wa mutum kamar sau ɗaya cikin rabo 221. In ya gamu da mai ƙananan kati biyu iri ɗaya, aka zuba kuɗi duka, zai sha kaye kamar sau ɗaya cikin biyar. Sau ɗaya cikin 25 zai sha kaye sau biyu a jere, sau ɗaya cikin 125 kuwa sau uku a jere. Wanda yake buga dubban hannuwa kowane wata tilas ya yi ta gamuwa da wannan, alhali bai yi kuskure ko ɗaya ba.

A gasa abin ya fi haka tsanani. A 2006 mutum 8,773 suka shiga babban zagaye, mutum 873 kaɗai suka sami wani abu. Sauran 7,900 suka koma gida hannu wofi. Saboda haka ba abin mamaki ba ne gwani ya shiga gasa ashirin a jere bai ci ko kwabo ba. Ban da wannan, gidan caca yana cire la'adarsa daga kuɗin da aka zuba, ko wa ya ci. Shi ya sa yawancin masu zama a teburin suna asara ne in aka haɗa lissafin shekara.

Abin da masu daɗewa suke yi

Kaɗan daga cikinsu sukan daɗe a sana'ar, kuma in ka duba za ka tarar dokokinsu kusan ɗaya ne.

Na fari, sukan raba jari da kuɗin abinci. Kuɗin haya da na tuwo na watanni da dama yana ajiye dabam, ba a kai shi tebur ko ana ha-maza-ha-mata.

Na biyu, ba su zuba jari duka a zama guda. Chris Ferguson, wanda ya ci gasar duniya a 2000, ya yi wani gwaji a 2006. Ya soma ba shi da ko dala ɗaya, yana shiga wasannin kyauta, ya kafa wa kansa doka cewa ba zai kai fiye da kashi 5 cikin 100 na jarinsa wani tebur ba. Ya ɗauki fiye da shekara guda kafin ya tara dala 10,000. In jari ya ragu, mai bin wannan doka yakan sauka zuwa ƙaramin tebur, ko da abokansa za su yi masa dariya. Daidai ruwa daidai tsaki.

Na uku, suna da littafin lissafi. Kowane zama sai an rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In rashi ya yi tsawo, mutum yakan zauna da wani gwani su bi hannuwan ɗaya ɗaya, domin a gane ko rashin sa'a ne, ko kuwa shi ne ya soma wasa da ganganci.

Na huɗu, suna tsoron zafin ramuwa fiye da rashin kansa. Wanda aka cinye yakan ji zuciyarsa tana ce masa ya ninka kuɗi ya rama yanzu yanzu. Masu daɗewa sukan yanka wa kansu iyaka tun suna gida, in sun kai ta sai su tashi, su yi barci, wani lokaci su yi makonni ba su taɓa kati ba.

Mutum biyu da suka ƙi tashi

Archie Karas mutumin Girka ne. A ƙarshen 1992 ya shiga Las Vegas da dala 50 a aljihu, ya ranci dala 10,000 wurin wani sanannensa. Ya yi ta cin manyan gwanaye, har zuwa farkon 1995 an ce ya tara kimanin dala miliyan 40. Bai ware kome ya ajiye ba. Da rashi ya soma, sai ya ƙara yawan abin da yake zubawa a wasu irin caca, cikin kamar mako uku kuɗin suka ƙare ƙaf. Ya rasu a 2024.

Stu Ungar kuwa ɗan New York ne, da yawa suna cewa ba a taɓa yin gwani kamarsa ba. Ya ci gasar duniya a 1980 da 1981. Abin da ya ci a karta yakan kai shi cacar tseren dawaki da ta wasanni, ga kuma miyagun ƙwayoyi. A 1997 ba shi da kuɗin shiga, sai da wani abokinsa ya biya masa. Ya ci gasar karo na uku, suka raba dala miliyan ɗaya. A watan Nuwamba na 1998 aka tarar da gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, ba shi da wata dukiya sai 'yan ɗaruruwan daloli. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Abin da ya shafe mu

Manomi ya san rashi a jere tun kaka da kakanni. Iyayenmu suna ba mu labarin farin 1972 zuwa 1974. Ana murna ruwa ya dawo, sai ga kuturtar gyaɗa a 1975, wadda darɓa take yaɗawa, ta cinye gonakin gyaɗa a Arewa. A 1983 fari ya sake zuwa, ga kuma bushiya cikin shanu. A 2022 ambaliya ce ta shafe gonaki a Jigawa da bakin Binuwai. Ba wanda zai ce waɗannan manoma ragwaye ne.

Zafin ramuwa ma mun san shi. Mun ga wani ɗan ƙungiya wanda masararsa ta lalace shekara biyu. A ta uku ya sayar da shanun huɗarsa, ya ci bashi, ya ninka gonar masara domin ya rama gaba ɗaya. Ruwa ya ɗauke ana tsakiyar fid da goyo. Yau yana ƙwadago a gonar maƙwabcinsa. Da ya rage gonar, ya haɗa da gero da dawa da wake, da shanunsa suna nan.

Saboda haka muna roƙon kowace ƙungiya ta tattauna waɗannan a taronta na gaba. A ware iri dabam, abincin gida dabam, na sayarwa dabam, tun ranar sussuka. A kafa rumbun ajiya na ƙungiya a shekarar albarka. Yusufu ya ajiye kashi ɗaya cikin biyar a Masar, in ba mu iya haka ba, mu soma da buhu ɗaya cikin goma. Kada kwamiti ya ninka wa mutum rance a shekarar da ta biyo bayan asara, sai dai a sassauta masa lokacin biya. Magatakarda ya riƙe littafi: ranar shuka, irin da aka shuka, taki nawa, buhu nawa. Da wannan littafi malamin gona zai iya gaya maka ko laifin ruwa ne, ko makara, ko wuta-wuta. Har wa yau, a riƙa ziyartar wanda ya yi asara tare da fasto ko dattawa, gama kunya da kaɗaici su ne sukan tura mutum yanke shawara cikin fushi.

Ga saurayin nan kuwa, amsarmu ke nan. Kuɗin da ɗan karta ya ci, daga aljihun na kusa da shi ya fito, har mai gidan caca ya cire nasa. Mudu ɗaya na gero da ka shuka yakan dawo buhuna, ba ka kuwa ƙwaci na kowa ba. Shekara biyu ta rashi ba ta nuna kai ba manomi ba ne. Ka kawo lissafin gonarka taro mai zuwa, mu zauna mu duba shi tare kafin ruwan fari ya sauka. Allah ya ba mu damina mai albarka.