Abin da ke sa basirar na'ura ta ƙone hoto da haske

A watan Nuwamban 2024 kamfanin Anthropic na Amurka ya fitar da tsarin MCP, wanda ke ba basirar na'ura damar sarrafa wasu manhajoji da kanta. Ba a jima ba aka haɗa shi da Blender, manhajar kyauta ta ƙera hotuna da katun. Mutum ya rubuta "a haska ɗakin kamar da magariba", na'ura ta jera fitilu.

Sai dai na'urar ba maɓallai take dannawa ba. Ɗan bayanin da aka rubuta game da kowane kayan aiki take karantawa, abin da bai faɗa ba kuwa sai ta yi hasashe.

A Blender ana auna ƙarfin ƙwan fitila da wat, kuma 1000 ba wani abu ba ne. Hasken rana kuwa daga 1 yake farawa, domin ma'auninsa daban ne. Idan bayanin ya ce "ƙarfin haske" kawai, na'ura na iya ba rana 1000, hoto ya fito fari fat. Haka ma kusurwa: cikin umarnin Python, radiyan Blender ke karɓa, ba digiri ba. Lamba 45 a nan juyi bakwai ce da ɗoriya, inuwa ta faɗa inda ba a so.

Bayani mai kyau yakan faɗi ma'auni da iyakar lambobi, ya kuma umarci na'ura ta fitar da ƙaramin hoton gwaji ta duba tukuna. Ga mai aiki da janareta, wannan yana ceton sa'o'i da kuɗin mai.