Daga Juji Zuwa Gona: Shara Ma Dukiya Ce

Duk wanda ya bi ta kasuwar Tudun Wada bayan an ɗauke ruwan sama, zai ga yadda leda ta toshe lambatu, ruwa ya malalo kan hanya, ya kwashi tarkace ya nufi rafin Kubanni. Wannan shi ne ƙarshen ɗabi'ar nan ta mu saya, mu yi amfani sau ɗaya, mu yar. Masana kuwa suna kira da a koma ga tattalin arziki mai zagayawa, wato wanda a cikinsa abin da ya ƙare aiki a hannun wani yake zama jarin wani.

Ya ku ɗalibai, kada ku ɗauka wannan baƙon ilimi ne. Iyayenmu sun san shi tun kafin a ba shi suna. Da rani manoman ƙauyukan da ke kewaye da Zariya sukan shigo gari da jakuna, su cika mangala da shara da toka da kashin awaki, su kai gona. Da kaka takin nan ya dawo mana a matsayin dawa da masara. Gwangwanin madara yakan zama aci-balbal, tsohuwar tayar mota ta zama takalmi, tib ɗinta kuma ya zama guga. Kwalbar lemo ma sai ka mayar wa mai shago, a wanke ta a sake cika ta.

To, me ya katse wannan zagaye? Babban dalili shi ne leda, musamman ta fiya-wata, wadda ta bazu a ƙasar nan tun daga shekarun 1990. Ganye da ƙwarya suna ruɓewa su koma ƙasa, amma leda ba ta ruɓewa. Idan ta cakuɗe da juji sai takin ya ɓaci, manomi ya sha wahalar tsince ta. Akuya ta haɗiye ta ta rame, mahauta kuma su tarar da ita cunkushe a cikin tumbi. In muka ƙona ta, hayaƙin ya cutar da huhunmu.

Wasu hukumomi sun ɗauki mataki. Ruwanda ta haramta jakar leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na kumfa a 2024. Amma doka kaɗai ba ta share tsakar gida.

A nan Tudun Wada muna da 'yan gwangwan da ke yawo da kura suna sayen tsofaffin ƙarafa da robobi. Alminiyon da suka tara shi maƙera ke narkawa su zuba tukwane. Mukan raina su, alhali aikin da suke yi shi ne ainihin abin da duniya ke nema.

Namu aikin mai sauƙi ne. Mu raba sharar makaranta gida uku: mai ruɓewa ta tafi ramin taki na lambu, ƙarfe da roba a tara wa masu saye, leda kuwa mu rage karɓarta. In an aike mu kasuwa, mu riƙi kwando ko jakar yadi. Abin da ya lalace mu kai wa mai gyara kafin mu yi tunanin sabo. Hausawa dai sun ce da tsohuwar zuma ake magani.