Shan Ruwa da Abokai Ga Mai Fama da Ciwo: Yaya Za a Riƙe Zumunci da Lafiya Tare?

Tun kafin watan Sha'aban ya ƙare gari yake fara canza kama. Masu injin niƙa suna cika da gero da wake, cinikin sukari da madara yana tashi a Kasuwar Singa ta Kano, samari suna haɗa kayan azumin da za su kai gidan surukai. A majalisun unguwa kuwa abokai suna raba aiki: wane zai kawo kunun gyaɗa, gidan wane za a soya ƙosai, wa ke da ƙanƙara. Da zarar an ga wata, sai shan ruwa na tare, tafsiri, tashen yara daga goma ga wata, tsayuwar dare, har a gangaro kan alkaki da nakiya da dubulan na Sallah.

Kusan duk waɗannan al'adu a bakin akushi ake yin su. Wannan ne ya sa lokacin yake zama jarrabawa ga mai ciwon suga, ko hawan jini, ko sikila. Yana son zama cikin abokansa kamar kowace shekara, jikinsa kuma yana da sharaɗin da bai san kara ba.

Yawancin masu ciwon suga ba sa son barin azumi, kuma bincike ya tabbatar da haka. Wani babban nazari mai suna EPIDIAR, wanda aka yi a kan azumin shekarar 2001 a ƙasashe 13, ya bibiyi fiye da mutum 12,000. An gano cewa kashi 79 cikin ɗari na masu nau'i na biyu na ciwon, wato wanda ya fi kama manya, sun yi azumin aƙalla kwana 15. A cikin masu nau'i na farko, waɗanda rayuwarsu ta dogara da allurar insulin, kashi 43 ne suka yi hakan. Nazarin ya kuma nuna cewa mummunar faɗuwar sukarin jini ta ninka fiye da sau bakwai ga masu nau'i na biyu a cikin watan.

Haɗarin ta fuska biyu yake zuwa. Da rana, idan mutum ya sha magani da sahur kuma ciki ya daɗe babu komai, sukari yana iya faɗuwa: sai rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, wani lokaci ruɗewa ko suma. Da magariba kuma abin ya juya. Kofi biyu na kunu mai zaƙi, da zoɓo, da lemon kwalba, da soyayyen dankali, duk cikin rabin sa'a, suna harba sukarin sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kusan giram 50 a yini ga baligi mai lafiya, alhali kwalbar lemo ta rabin lita kaɗai takan ɗauki kusan wannan adadin.

A nan ne abokai suke shigowa, domin sau da yawa matsin daga wurinsu yake fitowa, kuma da kyakkyawar niyya. "Haba Malam, kurɓi ko kaɗan, ai yau ɗaya ce." "Hajiya, don ke na dama wannan kunun." Bahaushe ya taso da sanin cewa mayar da abincin mutum cin fuska ne, don haka mara lafiya yakan karɓa ya sha don kada a ce ya yi girman kai. Wani kuma kunya ce take hana shi faɗin cewa likita ya hana shi azumi. Sai ya ƙaurace wa majalisa wata guda, abokai su ɗauka ya canza musu, shi kuwa yana ɗaki kaɗaici yana cin sa.

Addini bai bar wannan mutum cikin duhu ba. Ayoyin azumi a Suratul Baƙara sun yi wa mara lafiya rangwamen ya sha ya rama, malamai kuma sun yi bayanin ciyarwa ga wanda ciwonsa ba a sa ran warkewarsa. A 2009, Majalisar Fiƙihu ta Ƙasa da Ƙasa ta zauna a Sharja tare da likitoci, ta kasa masu ciwon suga gida huɗu gwargwadon haɗarin da azumi zai jefa su. Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ita ma ta fitar da jagora a 2016, aka sabunta shi a 2021. Jagoran ya ce a ga likita mako shida zuwa takwas kafin Ramadan don a daidaita magani, a riƙa gwada jini da rana domin huda yatsa ba ya karya azumi, kuma a sha ruwa nan take idan na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300.

Mai sikila nasa lissafin daban ne. Ƙarancin ruwa a jiki, da sanyi, da gajiya suna daga cikin abubuwan da ke tayar da ciwon ƙashi, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar, kusan 150,000 a shekara. Da yake azumi yana matsowa baya da kimanin kwana 11 duk shekara, yana barin zafin bazara yana shiga hunturu, lokacin da sanyin asuba da ƙura suke wahalar da masu sikila da masu asma. Mai hawan jini kuwa gishiri da dunƙulen miya ne abin lurarsa, kuma likita ne kaɗai zai sauya masa lokacin shan magani.

Gyaran da ake buƙata daga abokai ba mai tsada ba ne. A ɗebi kunun mutum kafin a zuba sukari. A sa dafaffen ƙwai, alale, kwaɗon zogale da ruwa mai yawa a kan tabarma. Idan ya ce ya ƙoshi, a bar maganar a nan. Wanda ba ya azumi a ci gaba da kiransa shan ruwa, kada a tambaye shi dalili a gaban jama'a. A cikin majalisa a samu ko mutum ɗaya da ya san alamomin faɗuwar sukari, ya kuma san cewa sukari babban cokali ɗaya da aka narkar a ruwa ake ba wanda ke cikin hayyacinsa, wanda ya suma kuwa asibiti ake kai shi ba tare da an ɗura masa komai ba. Idan jiki ya hana shi fita, a kwashi tabarmar a kai ƙofar gidansa, a haɗa dubiya da hira.

Shi ma mara lafiya akwai nasa nauyin. Ya zaɓi amini ɗaya ko biyu ya gaya musu gaskiyar halin da yake ciki da irin maganin da yake sha. Duk wanda yake da aboki mai irin wannan lalura, ya tuna masa ya je asibiti tun cikin Rajab, in da hali ma ya raka shi.