Kula da Gungun Rumbunan Bayanai: Darasi Daga Kasuwar Maigatari

1.0 Gabatarwa

Garin Maigatari yana kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, a arewacin Jihar Jigawa. Shi ne hedikwatar ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na ƙasar Gumel, sauran ukun kuwa su ne Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar. Abin da ya fitar da sunan garin shi ne kasuwarsa ta ranar Alhamis, inda fatake daga ƙasar Damagaram da kudancin Nijeriya suke haɗuwa don cinikin shanu da raƙuma da tumaki da awaki.

A da, in an sallama dabba a kara, sai a kwance kuɗi a ƙirga su a gaban dillali, kowa ya kama gabansa. A yau kuwa ciniki mai yawa ta waya ake biyansa, ko ta na'urar POS. Mai saye zai ce ya tura, mai sayarwa ya zura wa wayarsa ido yana jiran alat. Wannan kuɗi da ake jira ba takarda ba ne. Rubutu ne kawai a cikin wani rumbun bayanai da ke nesa da kasuwar. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake harhaɗa irin waɗannan rumbuna su zama gungu, da yadda ake sa musu ido, da kuma dalilin da ya sa amanar ciniki ta dogara ga masu wannan aiki.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Rumbun bayanai shi ne tsararren ma'aji na cikin kwamfuta inda ake adana sunaye da lambobi da lissafi, ta yadda za a iya nemo su ko a canza su nan take. Akasarin rumbunan bankuna suna bin tsarin jadawali ne, wanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa a shekarar 1970. Babbar kwamfutar da ke ɗauke da rumbun ita ake kira sabar, wasu masu fassara kuma suna ce mata uwar garke.

Gungu kuwa shi ne na'urori biyu ko fiye da aka haɗa don su yi aikin rumbu guda. A wani tsarin dukkansu ma'aji ɗaya suke amfani da shi, kamar tsarin RAC da kamfanin Oracle ya fitar a 2001. A wani tsarin kuma kowace na'ura tana riƙe da nata kwafin, kamar yadda aka saba yi da MySQL da PostgreSQL. Wannan na biyu shi za a fi mai da hankali a kansa. A cikinsa akan naɗa na'ura ɗaya ta zama jagora, ita kaɗai ke karɓar sabon rubutu, sauran kuwa mabiya ne masu kwafa daga gare ta. Sunan uwar garke ya fi dacewa da wannan jagora, domin inda ta sa ƙafa nan garke ke bi.

3.0 Dalilin Yin Gungu

Dalili na farko shi ne na'ura ɗaya tana iya mutuwa. Faifanta na iya lalacewa, wuta na iya ɗaukewa, zafi ko ƙura na iya kashe ta. In ita kaɗai ce, aiki ya tsaya ke nan. Dalili na biyu shi ne nauyi: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka akan raba wa mabiya aikin amsa masu duba ragowar kuɗinsu, a bar jagora da rubuta sabon ciniki.

Alal misali, a ɗauka wani falke ya sayi shanu a Maigatari ya tura naira miliyan biyar daga bankinsa zuwa wani banki dabam. Saƙon zai bi ta wurare uku: rumbun bankinsa, inda za a cire kuɗin, sai kamfanin NIBSS, wanda aka kafa a 1993 don sasanta lissafi tsakanin bankuna, kuma ya fara tsarin tura kuɗi nan take a 2011, sannan rumbun bankin mai dabba, inda za a zuba kuɗin. Ƙa'idar rumbu ita ce ciniki ya tabbata gaba ɗaya, ko kuwa ya warware gaba ɗaya. In wani wuri ya yi jinkiri ko ya faɗi a tsakiyar hanya, shi ne akan ji an cire wa mai saye kuɗi alhali mai sayarwa bai ga komai ba, har sai an bi sawu an mayar.

An ga haka ƙarara a farkon shekarar 2023. Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000 a watan Oktoba na 2022, kuɗi suka yi ƙaranci a hannun jama'a, kowa ya koma tura kuɗi ta waya a lokaci guda. Nauyin ya fi ƙarfin na'urorin bankuna da dama, tura kuɗi ya riƙa gagara. Ga kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako, jinkirin yini ɗaya hasarar mako ce.

4.0 Matsalar Sarki Biyu

Gungu yana maganin wata cuta, amma yana zuwa da tasa. Na'urorin cikinsa sukan riƙa aika wa juna gajeren saƙo a kai a kai, mai ma'anar "ina nan", wanda masana suke kwatantawa da bugun zuciya. In mabiya suka daina jin jagora, sai su ɗauka ta mutu, su naɗa wata daga cikinsu. To, amma shiru ba lalle mutuwa ba ne. Mai yiwuwa jagora tana nan lafiya, igiyar sadarwa ce kawai ta tsinke. In haka ta faru, sai a wayi gari da jagora biyu, kowace tana karɓar rubutu ba da sanin 'yar'uwarta ba.

Illar wannan a fili take. Kwatancinsa shi ne dillalai biyu su sayar da sa ɗaya ga mutum biyu, kowane ya karɓi la'ada. A banki kuwa, mai naira miliyan biyar yana iya kashe ta sau biyu, ɗaya a wannan littafi, ɗaya a wancan. Ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Maganin da aka samo shi ne rinjaye. Ba a naɗa jagora, kuma ba a tabbatar da rubutu, sai fiye da rabin na'urorin gungu sun amince. Gungu mai na'ura 3 yana buƙatar amincewar 2, don haka yana jure mutuwar 1. Mai na'ura 5 yana buƙatar 3, yana jure mutuwar 2. Wannan ne ya sa aka fi son adadin da ba ya rabuwa biyu daidai: mai na'ura 4 ma 3 yake buƙata, bai fi mai 3 juriya ba. In sadarwa ta tsinke, ɓangare ɗaya ne kaɗai zai iya samun rinjaye, ɗayan kuwa dole ya dakata. Leslie Lamport ya wallafa hanyar cim ma irin wannan yarjejeniya mai suna Paxos a 1998, sannan Diego Ongaro da John Ousterhout suka kawo wata mai sauƙin fahimta, Raft, a 2014.

A shekarar 2000 Eric Brewer ya gabatar da wata ƙa'ida, wadda Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar da ita a 2002. Taƙaicenta shi ne, in sadarwa ta raba gungu, dole a zaɓi ɗayan biyu: ko a ci gaba da amsa wa jama'a bisa haɗarin saɓanin lissafi, ko a tsare lissafi a ƙi amsawa. A sha'anin kuɗi na biyun ne ya fi aminci. Saboda haka, wani lokaci in na'urar POS ta ƙi biya a kara, ba lalacewa ba ce tsagwaronta. Rumbu ne ya ga da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ko da rinjaye ma akan yi tuntuɓe. A ranar 21 ga Oktoba, 2018, sadarwa ta yanke na daƙiƙa 43 kacal a cibiyar kamfanin GitHub ta gabashin Amurka. Na'urorin suka mayar da jagoranci cibiyar yamma, alhali akwai rubutun da bai riga ya isa can ba. Sai da aka yi awa 24 da 'yan mintoci ana gyara kafin aiki ya daidaita.

5.0 Abubuwan da Ake Sa wa Ido

Makiyayi na gari ba ya jira sai saniya ta faɗi sannan ya san ba ta da lafiya. Yana lura da tafiyarta da kiwonta safe da yamma. Haka aikin mai kula da gungu yake. Akwai manhajoji irin su Nagios da Zabbix da Prometheus masu tattaro masa awo dare da rana. Muhimman abubuwan da yake dubawa su ne:

(a) Lafiyar kowace na'ura: zafinta, da nauyin da ke kanta, da sauran filin da ke cikin faifanta. Faifan da ya cika yakan tsayar da rumbu cak.

(b) Jagoranci: wace ce jagora a yanzu, kuma na'ura nawa ne ke cikin rinjaye. Gungu mai na'ura 3 da ya rasa 1 yana aiki kamar ba abin da ya faru, alhali saura ƙiris ya tsaya.

(c) Tazarar kwafi: wato yawan daƙiƙoƙin da mabiya suke bayan jagora. In jagora ta mutu, duk abin da ke cikin wannan tazara yana iya salwanta. Haka kuma mabiyar da ta yi nisa a baya takan nuna wa mai asusu tsohon lissafi.

(d) Saurin amsa da yawan kurakurai: in amsar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido ta fara ɗaukar daƙiƙoƙi, alama ce ta cunkoso.

Akan auna amincin gungu da lokacin da ya yi yana aiki a shekara. Kashi 99.9 cikin ɗari yana nufin tsayawar kusan awa 9 a shekara, kashi 99.99 kuwa kusan minti 53. Amma lissafi kaɗai bai isa ba, domin awa 9 a tsakar dare dabam take da awa 9 ranar Alhamis da hantsi. Haka nan dole a yi hattara da yawan ƙararrawa. In kowane ƙaramin abu yana tayar da mai kula daga barci, ranar da babban ya zo zai yi biris da shi.

6.0 Ayyukan Gudanarwa

Aiki na farko shi ne ajiyar ko-ta-kwana. Mutane da yawa suna zaton kwafin da ke hannun mabiya ya wadatar, alhali ba haka ba ne. Mabiya suna kwafar kuskure kamar yadda suke kwafar daidai. In an share jadawali a wurin jagora, nan da nan zai goge a wurinsu. Saboda haka ana bukatar wani kwafi na dabam, a wani wuri na dabam, wanda ake gwada maido da shi lokaci lokaci. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin kamfanin GitLab yana ƙoƙarin gyara mabiyar da ta yi baya, sai ya share bayanan jagora bisa kuskure. Da aka waiwayi hanyoyin ajiya biyar da kamfanin ya tanada, sai aka tarar ba wadda ke aiki yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka awa 6 kafin nan shi ya cece su, rubutun waɗannan awoyi kuwa ya tafi.

Aiki na biyu shi ne nisanta na'urori da juna. Garken da aka tara a turke ɗaya, gobara ɗaya ke gamawa da shi. Akan ajiye ɓangaren gungu a wani gari, da wutarsa dabam da hanyar sadarwarsa dabam. Yankewar igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ranar 14 ga Maris, 2024, wadda ta taɓa ayyukan bankuna a Nijeriya, ta nuna illar dogaro da hanya ɗaya.

Aiki na uku shi ne sabunta manhaja ba tare da tsayar da aiki ba. Akan cire mabiya ɗaya, a gyara ta, a mayar, a jira ta kamo sauran, sannan a taɓa ta gaba. Jagora ce ta ƙarshe. Na huɗu shi ne atisaye, wato a kashe jagora da gangan a lokacin da ba cunkoso, don a ga ko wata za ta karɓa. Na biyar shi ne tsare ƙofa: a san wanda ke da izinin gani da wanda ke da izinin canzawa, kuma a rubuta duk abin da kowa ya taɓa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa yawan na'urori ba shi ne aminci ba. Aminci shi ne na'urori da yawa su riƙe magana ɗaya, kuma a sami mai lura da su kafin su saɓa. Jihar Jigawa ta shiga wannan fage da wuri, domin tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, aka kafa kamfanin sadarwa na Galaxy a Dutse da makarantar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure. Abin da ya rage shi ne a kai ilimin ga masu amfani da shi cikin harshensu. Falke da dillali da makiyayi na Maigatari sun riga sun san shaida da amana da ƙidayar garke, kuma a kan waɗannan ne aka gina gungu. Nauyi ne a kan ɗaliban sashen Hausa su daidaita kalmomin wannan fanni, domin mutumin da aka cire wa kuɗi ya iya fahimtar abin da ya faru, ya kuma san abin da zai tambaya in ya je banki.