Zafin bazara da sana'ar shanya a Korahane

A Korahane, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, shanya tsohuwar dabara ce ta tanadin abinci. Mata su ne kan gaba a wannan aiki. Suna shanya magaryar da aka tsinto a daji, suna kuma yanyanka tumatir su mayar da shi kauɗa, wadda ake daka wa a zuba a miya har damina ta wuce. Sana'ar ta ƙara bunƙasa a ƙasar Nijar tun shekarar 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta himmatu ga noman rani bayan fari. Tumatir ya yawaita a kasuwanni, shanya kuwa ta zama hanyar tserar da shi daga ruɓewa.

Mutane da yawa suna zaton yawan zafin rana alheri ne ga mai shanya. Al'amarin ba haka yake ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne na hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da busasshiyar iska take janye ruwa sannu a hankali. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40. A ranar 3 ga Afrilun 2024 ya kai digiri 48,5 a garin Kayes na ƙasar Mali, masana kuma suka danganta tsananinsa da sauyin yanayi.

Ɓarnar tana somawa tun daga garka. Idan zafi ya wuce digiri 35, furen tumatir yakan zube bai ɗaura ɗa ba. Wanda ya ɗaura kuma ba ya yin ja sosai, domin sinadarin da ke ba shi launi yana daina samuwa cikin tsananin zafi.

A wurin shanya ma haka ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na tumatir ruwa ne. Idan rana ta yi ƙuna, bayan yankan yakan ƙandare da wuri ya tsare danshin da ke ciki. Mai shanya ta ga kamar ya bushe, ta ɗura a buhu, bayan ƴan makwanni ya yi fumfuna. Wani kuma yakan yi baƙi, ƴan kasuwa su karya masa kuɗi. Ga guguwa da ƙurar da ke gabatar hadarin farko, masu zuba rairayi cikin shanyar da aka baza a ƙasa. Ita kanta mai aikin tana cikin haɗarin galabaita idan ta daɗe cikin rana tsaka.

Akwai matakan da ba su buƙatar kuɗi mai yawa. A shuka da wuri domin girbi ya riga bazara. A yi yankan bai-ɗaya, kada ya yi kauri. A baza kan zana bisa rumfa, inda iska za ta ratsa ta sama da ƙasa, a lulluɓe da siririn ƙyalle mai tsabta. Juyawa a yi ta da safe da la'asar. Kafin a ɗura a buhu, a karya yanki guda a duba cikinsa.

Ya kamata malaman gona da na yaƙi da jahilci su isar da waɗannan bayanai ga ƙungiyoyin mata. Kauɗar da ta lalace a Afrilu ita ce miyar da gida zai rasa a watan Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa.